In Kunne Ya Ji, Jiki Ya Tsira: Yadda Ɓerayen Gwaji Suka Nuna Kariyar Sa'o'in Farko

A tsakiyar shekarun 1950, wani masani mai suna Derrick Rowley da ke aiki a asibitin St Mary's na birnin Landan ya yi wani gwaji mai sauƙin fahimta, mai wuyar fassara. Ya kashe bakteriyar E. coli, ya farfasa ta, ya tsame ɓawonta kaɗai, ya yi wa ɓeraye allura da shi. Daga nan sai ya zuba musu bakteriya mai rai. Waɗanda aka sa wa cutar 'yan sa'o'i kaɗan bayan allurar sun fi saurin mutuwa a kan ɓerayen da ba a yi wa komai ba. Waɗanda aka bari suka kwana ɗaya ko biyu kafin a sa musu cutar kuwa, sun jure adadin da zai kashe 'yan uwansu sau da yawa. Da aka jira kamar mako guda, sai kariyar ta dushe, ɓeran ya koma yadda yake tun asali.

Allura ɗaya ce, ɓeraye iri ɗaya ne, cuta ɗaya ce. Tazarar lokaci kaɗai aka sauya. Abin da ya ƙara ɗaure kai shi ne kariyar ba ta zaɓe: ɓawon wata bakteriya yana iya kare dabba daga wata bakteriyar da ba su haɗa dangi ba. Wannan shi masana ke kira kariyar farko mara zaɓe, kuma duk wanda ke son ya fahimce ta, to ya riƙe agogo a hannu, domin labarinta kacokan labarin lokaci ne.

Mu fara da lissafi. Idan E. coli ta samu abinci da ɗumi, tana iya rabuwa biyu duk minti 20. Ƙwaya ɗaya a cikin sa'a 7 ta haura miliyan 2. A cikin jiki ba ta samun wannan sakewar, amma lissafin ya isa ya nuna irin gaggawar da ake ciki. Su kuma makaman da jiki ke ƙerawa musamman domin kowace cuta, waɗanda ake kira antibodi, aikin tela ne: sai an auna, an yanka, an ɗinka, kuma ga cutar da jiki bai taɓa gani ba wannan yakan ci kusan mako guda. Da a ce jiki na zaune yana jiran tela, da babu dabbar da za ta ga ƙarshen makon. Dole akwai masu tsaron da ke kwana a bakin ƙofa, waɗanda ba sa tambayar sunan ɓarawo kafin su kama shi.

Wanda ya fara gane aikin waɗannan masu tsaro shi ne Elie Metchnikoff, ɗan ƙasar Rasha, a garin Messina na Italiya a 1882. Ya soka ƙaya a jikin jaririn wata halittar teku mai siffar tauraro, wadda jikinta garau yake ana hango cikinsa. Washegari ya duba ta madubin da ke girmama ƙananan abubuwa, ya tarar wasu ƙwayoyin jiki masu yawo sun yi wa ƙayar dafifi. Ya ce waɗannan ƙwayoyi haɗiye baƙo suke yi, kuma irinsu ne fararen ƙwayoyin jinin mutum. Masanan Jamus na lokacin sun fi karkata ga cewa ƙarfin kariya a cikin ruwan jini yake, aka daɗe ana ja-in-ja, har kyautar Nobel ta 1908 aka raba ta tsakanin Metchnikoff da Paul Ehrlich, jagoran ɗaya ɓangaren.

Ana cikin wannan muhawara, a 1894, wani likita ɗan Rasha mai suna Issaeff da ke aiki da Richard Pfeiffer a Barlin ya ci karo da abin da Rowley zai sake tonowa bayan shekara 60. Ya riƙa zuba wa ɓerayen Masar abubuwa marasa alaƙa da kwalara a kogon ciki: romon nama, ruwan gishiri, ruwan jini, har da fitsari. Bayan kwana ɗaya ya zuba musu ƙwayar kwalara a wuri guda, sai suka jure. Dalilin shi ne abin da aka fara zubawa ya tayar da ƙura, fararen ƙwayoyin jini suka yi tururuwa zuwa wurin, cutar ta iso ta tarar da gari a farke. Bayan 'yan kwanaki taron ya watse, kariyar ta tafi da shi. A wancan zamani hankalin kowa na kan rigakafi mai ɗorewa, saboda haka an ɗauki wannan a matsayin abin da ke ɓata gwaji, wanda ya kamata mai bincike ya kiyaye.

Gwajin da ya fi burge ni a duk wannan fage shi ne na Ashley Miles da abokan aikinsa a Landan, wanda suka wallafa a 1957. Sun riƙa sa bakteriya a cikin fatar ɓerayen Masar, sannan su raunana tsaron wurin, misali da allurar adirenalin wadda ke matse jijiyoyin jini ta hana ɗauki isowa. Idan aka yi haka a sa'o'in farko, ƙurjin da zai fito yakan yi girma ƙwarai. Idan aka bari sa'a huɗu ko biyar suka wuce, allurar ba ta ƙara komai. Ashe girman ciwon da za a gani gobe, yau da hantsi aka riga aka yanke shi. Suka kira wannan ɗan tsakani lokacin yanke hukunci. John Burke, likitan fiɗa daga Boston wanda ya yi aikin tare da su, ya ɗora a 1961: ya nuna cewa maganin kashe bakteriya yana hana ciwo sosai idan yana cikin jini kafin ƙwayar ta shiga, amfaninsa na raguwa sa'a bayan sa'a, bayan sa'a uku kuwa kusan babu bambanci. Wannan ne tushen abin da ake yi yau a ɗakunan tiyata, inda ake ba majiyyaci allurar maganin cikin sa'a guda kafin a sa wuƙa. Duk matar da aka yi wa fiɗar haihuwa aka ba ta allurar kafin a fara, ta ci moriyar waɗancan ɓerayen Masar.

To mene ne a jikin ɓawon bakteriya da ke tayar da masu tsaro haka? Pfeiffer ya riga ya lura tun 1892 cewa ƙwayar kwalara ko ta mutu tana ɗauke da dafi mai jure zafin wuta, wanda aka sa wa suna endotoksin. A farkon shekarun 1950 Otto Westphal da Otto Lüderitz a Jamus suka tace shi, aka gane haɗin kitse ne da sukari da ke lulluɓe da wani babban rukuni na bakteriya, su E. coli da Salmonella da ƙwayar kwalara. A 1956 Maurice Landy da Louis Pillemer a Amurka suka nuna cewa ɗan mitsitsin wannan tataccen dafi ya wadatar ya ba ɓera kariyar da Rowley ya gani. A shekarar ne kuma René Dubos da Russell Schaedler na cibiyar Rockefeller da ke New York suka samu irin wannan sakamako mai fuska biyu da bakteriyar stafilokokus da ta tarin fuka: rauni da farko, ƙarfi daga baya.

Pillemer ya danganta kariyar da wani sinadarin jini da ya gano a 1954 ya sa wa suna furofadin. Wasu masana suka yi masa ca, suka ce kuskuren gwaji ne, ya rasu a 1957 ana tsakiyar sukarsa. Sai a shekarun 1970 aka tabbatar cewa sinadarin na nan, kuma yana cikin wata hanya da ruwan jini ke bi ya far wa bakteriya ba tare da jiran antibodi ba. Bai yi daidai ba da ya ɗora masa dukkan nauyin kariyar, amma abin da ya gani gaskiya ne, kuma bai rayu ya ji an faɗa ba.

Yanzu an san abin da ke faruwa a cikin wannan kwana ɗaya daki-daki. Akwai manyan ƙwayoyi masu haɗiya da ake kira makrofaj, zaune a hanta da saifa da huhu da kogon ciki. Da sun ji ƙanshin dafin sai su saki sinadaran yekuwa. Yekuwar na isa ɓargo, sai ya buɗe rumbunsa ya sako niyutrofil, fararen ƙwayoyin da ke rugawa wurin ciwo su ci bakteriya su mutu a can. Mugunyar da ke fita daga ƙurji galibinta gawarwakinsu ne. Hanta ta shiga zuba sinadaran da ke manne wa bakteriya su sa ta yi sauƙin kamu, ta kuma sa a ɓoye sinadarin ƙarfe da ke yawo a jini, domin bakteriya ba ta yaɗuwa sai da shi. Su kansu makrofaj sai su ƙara kuzari. Wasu masana a Faris, Guido Biozzi da Baruj Benacerraf da Bernard Halpern, sun samo hanyar auna wannan kuzari da abin da duk wanda ya yi makarantar allo zai gane: tawadar baƙin gawayi. Sukan ɗura ta a jijiyar dabba, su riƙa ɗiban ɗigon jini bayan 'yan mintoci suna duba yadda baƙin ke washewa. Idan aka buɗe dabbar, sai a tarar hanta da saifa sun yi baƙi ƙirin, don can masu haɗiya suka kwashe ta. Dabbar da aka yi wa allurar dafi, da farko jininta na jinkirin washewa, bayan kwana ɗaya ko biyu kuma ya riƙa washewa da sauri fiye da na kowa.

A nan bayanin raunin farko yake. A sa'o'in da ke biye da allurar, niyutrofil na manne wa bangon jijiyoyi su ragu a cikin jini, masu haɗiya bakinsu cike yake, sinadaran ruwan jini an taɓa su an rage. Gari ya ruɗe, kowa ya fita da gudu, ba a riga an ja daga ba. Cutar da ta shigo a wannan lokaci ta samu banza. Wadda ta makara da kwana ɗaya kuwa, ita ce ke shan kashi.

Tambayar da ta rage shekara da shekaru ita ce: da wane kunne jiki ke jin wannan dafi? Amsar ta fito ne daga wani zuri'ar ɓeraye da ake kiwo a ɗakin binciken Jackson da ke jihar Maine ta Amurka, masu lamba C3H/HeJ. A shekarun 1960 aka lura cewa endotoksin ba ya yi musu komai; adadin da zai kashe sauran ɓeraye, su ko gezau. Mutum zai zaci sun yi sa'a. Amma a 1980 aka nuna cewa 'yan ƙwayoyin Salmonella ƙalilan sun isa su hallaka su, alhali danginsu masu jin dafin suna jure dubbai. Kurame ne, ɓarawo na fasa ƙofa suna barci. A 1998 Bruce Beutler da Alexander Poltorak da abokan aikinsu a Dallas suka gano cewa matsalar tawaya ce guda ɗaya tak a ƙwayar gado mai ƙera wani kunne da ake kira TLR4. Shekara biyu kafin nan, ɗakin binciken Jules Hoffmann a Strasbourg ta Faransa ya nuna cewa ƙudan 'ya'yan itace da aka lalata wa irin wannan kunne, funfuna ke cinye shi. Beutler da Hoffmann sun samu rabin kyautar Nobel ta 2011. Mutum yana da irin waɗannan kunnuwa guda 10, kowanne da abin da yake saurare: wani ɓawo, wani wutsiyar da bakteriya ke iyo da ita, wani ƙwayar gadonta. Wannan ya warware sirrin rashin zaɓe. Kunnen ba ya neman sunan cuta, alamar da dubban cututtuka suka yi tarayya a kai yake nema, kuma yekuwar da zai yi ta kowa da kowa ce.

Akwai wani nau'in kariyar da ya fi wannan daɗewa. George Mackaness, ɗan Ostareliya, ya nuna a 1964 cewa ɓeran da ke fama da bakteriyar Brucella ko aka sa wa BCG, allurar rigakafin tarin fuka, yana iya murƙushe Listeria, bakteriyar da bai taɓa haɗuwa da ita ba, domin makrofaj ɗinsa sun riga sun fusata. A 2011 Mihai Netea da abokansa a Nijmegen ta ƙasar Holan suka raɗa wa irin wannan al'amari suna horarriyar garkuwa, bayan haka kuma aka nuna a jikin ɓeraye cewa BCG da wani sukari na ɓawon yis suna iya sauya hatta uwayen ƙwayoyin jini da ke cikin ɓargo, su riƙa haifar 'ya'ya masu zafin nama na tsawon makonni ko watanni.

Mai karatu zai ce, tunda an san wannan tun 1955, me ya hana a mayar da shi allura a raba wa jama'a lokacin annoba? Dalilan suna da nauyi, kuma a ganina sun fi nasarorin cancantar a tsaya a kansu.

Na farko, yekuwar da ke ceto ita ce kuma ke kisa idan ta yi yawa. Abin da likitoci ke kira gubar jini, inda hawan jini ke faɗuwa, ƙoda da huhu su tsaya, galibinsa aikin waɗannan sinadaran yekuwa ne da suka wuce gona da iri. An ƙiyasta cewa a 2017 wannan ya yi ajalin mutum kusan miliyan 11 a duniya. Sannan ɓera da mutum ba ma'auninsu ɗaya ba ko kusa. Nanogiram 2 zuwa 4 na endotoksin (nanogiram kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram) a kan kowane kilo na nauyin jiki ya isa ya sa lafiyayyen mutum zazzaɓi da makyarkyata, alhali ɓera na ɗaukar abin da ya ninka haka sau dubu ɗaruruwa kafin ya mutu. Tazarar da ke tsakanin adadin da ke karewa da wanda ke kwantarwa faffaɗa ce a jikin ɓera, a jikin mutum kuwa siririya ce.

Sai kuma batun agogo. A ɗakin gwaji mai bincike ne ke sa ranar da cuta za ta zo. A rayuwa babu wanda ke samun sanarwa cewa gobe da la'asar zai kamu, mara lafiya kuma ba ya zuwa asibiti sai cutar ta yi kwanaki a jikinsa, wato lokacin da ƙarin yekuwa zai iya zama ƙarin wuta. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji masu tallar magani a kasuwa ko a shafukan sada zumunta suna cewa kayansu na ƙara garkuwar jiki, a sha safe da yamma, yaro da babba, mai lafiya da mara lafiya. Mutanen da suka ƙare rayuwarsu a kan wannan tambaya sun tarar cewa ko abin da ke tayar da garkuwa da gaske, sa'o'i kaɗan ne tsakanin amfaninsa da cutarwarsa. Wanda bai iya gaya maka adadi da lokaci da tsawon aikin maganinsa ba, kuɗinka yake so, kuma yana iya sa ka makara zuwa asibiti.

Su kansu gwaje-gwajen suna da nasu rauni. A yawancin na da, ana ɗura bakteriya mai ɗimbin yawa kai tsaye cikin kogon ciki, wani lokaci a gauraya ta da majinar tumbin alade don ta ƙara ƙarfi, abin da bai yi kama da yadda cuta ke shiga mutum ta hanci ko ta baki ba. Ɓeran gwajin zamani kuma a tsabtataccen keji ake haifarsa, iskar da yake shaƙa tatacciya ce, bai san datti ba. A 2016 masana a Jami'ar Minnesota suka zuba irin waɗannan ɓeraye keji ɗaya da ɓerayen da aka sayo a shagon sayar da dabbobi. Kusan ɗaya cikin biyar na 'yan gatan suka mutu da cututtukan da suka kwasa. Waɗanda suka rayu kuwa, garkuwarsu ta koma kama da ta baligin mutum bayan da tana kama da ta jariri sabon haihuwa, kuma suka fi ƙarfin Listeria nesa ba kusa ba. Wannan na nufin abin da zai tayar da garkuwar ɓeran da bai taɓa ganin komai ba, ba lallai ya ƙara wa mutumin da ya tashi cikin ƙura da zazzaɓi da tsutsar ciki wani abu ba. Kuma bai kamata a manta ba cewa ma'aunin tsofaffin gwaje-gwajen nan ƙirga gawa ne, ɓeraye dubbai. Rai ne Allah ya ba su, kuma daidai ne da dokokin bincike na yau suka matsa a rage yawansu, a kuma kawo ƙarshen wahalar dabba kafin ta kai ga mutuwar azaba.

Duk da haka aikin bai tafi a banza ba. Edgar Ribi a jihar Montana ta Amurka ya samo hanyar rage wa endotoksin dafi ta cire masa wani ɓangare, ya bar abin da kunnen TLR4 zai ji ba tare da gari ya kama da wuta ba. Wannan sinadari, MPL, yau yana cikin allurar Cervarix ta rigakafin sankarar bakin mahaifa, yana kuma cikin RTS,S, allurar zazzaɓin cizon sauro da aka fara bai wa yara a wasu yankunan Ghana da Kenya da Malawi a 2019, Kamaru kuma ta sa ta cikin rigakafin yau da kullum a watan Janairun 2024. A nan aikinsa shi ne ya buga gangar da za ta sa jiki ya ɗauki rigakafin da muhimmanci.

Sai kuma ɗan tabon nan da yawancinmu ke ɗauke da shi a dantse. BCG, wadda Albert Calmette da Camille Guérin suka samar aka fara ba ɗan Adam a 1921, don tarin fuka aka yi ta. Amma a Gini Bisau, cibiyar Bandim da Peter Aaby ya kafa a 1978 ta yi gwaje-gwaje a kan jariran da aka haifa da ƙarancin nauyi, ta ga waɗanda aka yi wa allurar da wuri sun fi tsira a watan farko, kuma bambancin ya fi fitowa a mace-macen gubar jini da ciwon huhu, tun kafin tarin fuka ya samu lokacin yin wani tasiri. Wani gwaji a Yuganda da aka wallafa a 2021 ya samu raguwar cututtukan da ba tarin fuka ba a makonni 6 na farko ga jariran da aka yi wa a ranar haihuwa. Gwajin da aka yi a Indiya da wani nau'in BCG daban bai ga raguwar mace-mace ba, babban gwajin da aka yi wa ma'aikatan lafiya lokacin korona shi ma bai nuna ta kare su ba. Masana na ci gaba da muhawara a kan girman wannan tasiri da irin nau'in allurar da ke bayar da shi. Abin da jadawalin rigakafi na Najeriya da Nijar ya tanada dai shi ne a yi wa jariri BCG da zarar an haife shi, kuma a wurare da dama jinkirin na zuwa ne daga haihuwa a gida, ko jiran a yi suna, ko jiran ranar da yara za su taru da yawa kafin ma'aikaciya ta fasa kwalba mai ɗaukar allurar jarirai 20.